Jagora: Yadda Ake Ɗora wa Inji Aikin Miƙa Ragama a Babbar Ƙaurar Sabobi Zuwa Gajimare

Duk wanda ya taɓa yin aikin kwashe sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji da bayanan kamfani, daga cibiyar bayanai zuwa gajimare, wato na'urorin haya na kamfanoni irin su Amazon (AWS), Microsoft (Azure) da Google, ya san cewa watannin kwafin bayanai ba su cika hana barci ba. Kwafi yana tafiya a bayan fage, tsofaffin sabobi suna ci gaba da hidimarsu, in layi ya yanke cikin dare sai a gyara da safe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Inda gumi yake karyowa shi ne awa uku ko huɗun da aka ware domin a tsayar da tsohuwar saba, a tayar da wadda ke gajimare, a karkata jama'a zuwa gare ta. Wannan mataki ne injiniyoyi ke kira cutover da Turanci, ni kuwa zan kira shi miƙa ragama, domin abin da ke faruwa ke nan: ikon karɓar aiki da ikon rubuta bayanai suna barin wani hannu suna komawa wani.

Idan saba biyar ce, mutum biyu da takardar jerin ayyuka sun wadatar. Lamarin yana canza kama idan sabobin sun kai ɗari takwas ko dubu biyu. A ce kowace saba tana buƙatar ayyuka 25 a daren, kuma an haɗa saba 40 a dare ɗaya, ayyuka 1,000 ke nan da mutane masu jin barci za su yi da hannu, cikin wa'adin da ba a ƙara masa ko minti. Ba sai an samu ma'aikaci marar kula ba, mantuwa ɗaya ta isa. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya tafka asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, kuma binciken hukuma ya gano cewa an ɗora sabuwar manhaja a kan sabobi bakwai cikin takwas, aka tsallake ta takwas. Ba ƙaura zuwa gajimare suke yi ba, amma irin wannan tsallake shi ne abin da ake gudu a duk aikin da ake maimaitawa da hannu.

Ƙa'ida ɗaya ce za ta bi mu daga farkon jagorar zuwa ƙarshenta: a kowane minti na daren, wuri ɗaya kawai ke da ikon karɓar rubutu, kuma dole injin ya san wane wuri ne. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Jinkiri ana iya ba da haƙuri a kansa, amma idan tsohuwar saba da sabuwa suka karɓi bayanai a lokaci guda, an samu gaskiya biyu, kuma haɗa su aiki ne na makonni da babu injin da zai yi shi.

Mataki na farko: kundi ɗaya tak

Kafin a rubuta layin umarni ko ɗaya, a samar da kundin da ya ƙunshi gaskiyar kowace saba, a kuma hana kowa ajiye nasa a gefe. A ciki za a samu sunan saba, adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a netwok) da take da shi da wanda za ta samu, ko Windows ce ko Linux, manhajar da take yi wa hidima, duk sunayen DNS (tsarin da ke fassara suna zuwa adireshin IP) da ke nuna ta, girman da za a ba ta a gajimare, ɓangaren netwok da za ta zauna, dokokin katangar tsaro da suka shafe ta, hidimomin da za a tsayar tare da jerin yadda za a tsayar da su, da sunan mutumin da zai ɗaga waya da ƙarfe biyu na dare idan an neme shi. Ana iya farawa da takardar Excel, amma kada injin ya jingina da ita, domin takardar da ake aikawa ta imel haihuwa take yi, kafin wata ya zagayo ta zama bakwai, kowace da nata gyaran. A zuba ta cikin rumbun bayanai, ko a ajiye ta a matsayin fayil cikin Git, inda kowane gyara yake ɗauke da sunan mai shi da lokacinsa. Sannan a rubuta ɗan umarnin da zai ƙi karɓar duk layin da ya ambaci ɓangaren netwok da babu shi, ko adireshin da wata saba ta riga ta ɗauka.

Gurbin da ya fi wuyar cikewa shi ne na dogaro, wato wace saba ce take magana da wace. Masu manhaja za su faɗi abin da suka tuna, kuma abin da suka tuna ba ya kai abin da ke akwai. Shi ya sa ake sa na'urar bibiya ta saurari zirga-zirgar netwok, irin wadda Azure Migrate yake bayarwa. Shawarata ita ce a bar ta ta wuce wata guda cur, domin akwai ayyukan da ba sa motsi sai ƙarshen wata, kamar lissafin albashi da rufe littafin kuɗi, kuma wanda ya saurari mako biyu kawai ba zai san da su ba sai ranar da suka nemi sabar da ta riga ta tashi.

Mataki na biyu: raba sabobi ayari-ayari

Daga wannan taswirar dogaro ake haɗa ayari, wato rukunin sabobin da za su tashi dare ɗaya. Waɗanda suke yawan magana da juna tare za su tafi, kuma lissafi ne ya tilasta haka. A cikin cibiya ɗaya saƙo tsakanin manhaja da rumbun bayananta yakan je ya dawo cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Idan an raba su, ɗaya a gajimare ɗaya a tsohon wuri, yana iya kai milisakan 20. Aikin dare mai tambayoyi 100,000 a jere, wanda a rabin milisakan yake ɓata daƙiƙa 50 a kan hanya, zai koma ɓata fiye da rabin awa, alhali babu abin da ya lalace.

Ayarin farko ya zama ƙarami, saba biyar zuwa goma, daga cikin waɗanda in sun kwana a kashe ba wanda zai kira. Manufarsa gwada injin ne. Kwaɗayin a kwashe komai lokaci guda kuwa yana da tsada: a watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya mayar da bayanan miliyoyin abokan hulɗarsa kan sabon tsari cikin ƙarshen mako ɗaya, mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, aka shafe watanni ana gyara, kuma a Disamban 2022 hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Netflix kuma kusan shekara bakwai ya ɗauka yana ƙaura sannu a hankali kafin ya kammala a Janairun 2016.

Mataki na uku: gina madugu

Yanzu aka zo kan injin kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta dogon umarni guda wanda zai fara daga sama ya gangara ƙasa. Irin wannan yana da kyau a ranar da komai ya tafi daidai. Ranar da ya tsaya a saba ta 23 cikin 40, ba wanda ya san waɗanne aka gama, waɗanne aka yi rabi, kuma ba wanda zai iya bugun ƙirji ya sake kunna shi daga farko. Abin da ake buƙata shi ne manhaja mai jagorantar tafiya, wadda zan kira madugu, mai riƙe da matsayin kowace saba a rubuce cikin kundi: ana kwafi, an gwada, a shirye take, an tsayar da hidima, kwafi ya cimma, an tayar da sabuwa, an tantance, an buɗe wa jama'a, an rufe. Madugu ba ya matsar da saba gaba sai ya tabbatar da sharaɗin matsayin da take, kuma da zarar ya matsar da ita sai ya rubuta.

Kayan aikin kwafi suna da nasu matsayin, kuma a kansu ake ɗora wannan. AWS Application Migration Service, wanda ya samo asali daga CloudEndure da Amazon ya saya a 2019, yana da umarnin StartTest na tayar da sabar gwaji, da StartCutover na tayar da ta gaske, da FinalizeCutover na rufe kwafi. Azure Migrate da Migrate to Virtual Machines na Google suna da makamantansu. Sai dai waɗannan sabar kawai suke ɗauka su dire. Tsayar da hidima a tsohon wuri, sauya DNS, tantance manhaja da sanar da mutane duk aikin madugu ne, wanda za a iya ginawa da AWS Step Functions, ko Ansible, ko duk abin da ma'aikatan suka riga suka ƙware a kai. Ni na fi yarda da kayan da mutanen suka saba da shi a kan wanda ya fi ado.

Kowane ƙaramin aiki da madugu zai kira dole ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, maimaita shi ba ta ɓarna: kafin ya tayar da saba sai ya duba ko an riga an tayar, kafin ya sauya adireshi sai ya duba abin da ke wurin, ta yadda in an kunna shi sau uku sakamakon ɗaya ne. Na biyu, ba ya ɗaukar amsar “an karɓi umarni” a matsayin an yi aiki. Idan ya ce wa rumbun bayanai ya tsaya, sai ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofarsa ya ga lallai ba a amsa ba. Na uku, yana da wa'adi, in ya wuce sai ya ɗaga murya maimakon ya yi ta jira har asuba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da sukan ba mutane mamaki. Aikin AWS Lambda, wato hidimar AWS mai gudanar da ƙananan umarni, ba ya wuce minti 15, saboda haka kada a sa dogon jira a cikinsa, madugu ne zai riƙa dawowa yana tambaya. Kamfanonin gajimare suna taƙaita yawan kiran da asusu ɗaya zai yi cikin daƙiƙa, don haka idan aka saki saba 40 lokaci guda, kowace tana tambayar halin da take ciki, za a fara mayar da kira. Maganinsa shi ne a riƙa ninka lokacin jira bayan kowace ƙi, a kuma ɗan sassaɓa shi tsakanin sabobin don kada su sake dawowa tare. Sannan a tsara cewa faɗuwar saba ɗaya tana tsayar da manhajar da take cikinta kawai, sauran ayarin su ci gaba. Kuma, ko da yake abin kamar wasa ne, a tabbatar madugun da kundinsa da wurin ajiyar kalmomin sirri ba sa zaune a kan sabar da ke cikin ayarin da za a kashe.

Ba komai ake miƙa wa inji ba. Wurare uku nake barin wa mutum: izinin fara tsayar da hidima, izinin buɗe wa jama'a, da izinin rufe kwafi. A kowanne madugu zai tsaya cak, ya gabatar da sakamakon bincikensa, ya jira sa hannun mutum ɗaya da aka ambata sunansa tun da rana. Kwamiti ba ya yanke hukunci da ƙarfe uku na dare.

Mataki na huɗu: binciken share fage

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin abin da ke rushe daren miƙa ragama ana iya gano shi mako guda kafin nan, don haka a rubuta bincike wanda zai gudana da kansa kowace safiya, ya fitar da kore ko ja a gaban kowace saba.

A fara da DNS. Kowane suna yana da ƙimar TTL, wato tsawon lokacin da sauran na'urori za su riƙe amsar da suka samu kafin su sake tambaya. Idan ƙimar 86,400 ce, yini guda ke nan, kuma sauya adireshi cikin dare ba zai isa ga kowa ba sai washegari. A sauke ta zuwa daƙiƙa 60 ko 300, amma a yi haka aƙalla tsawon tsohuwar ƙimar kafin daren, domin wanda ya riƙe tsohuwar amsa bai san an yi gyara ba. Ko da haka, wasu manhajojin Java an saita su su riƙe adireshi har sai an sake kunna su, wasu kuma an rubuta musu adireshin IP kai-tsaye a cikin fayil, ba sa tambayar DNS ko kaɗan. Waɗannan sai an farauto su an sa su cikin kundi.

Sai batun wuri a gajimare. Kowane asusu yana da iyakar ƙarfin na'ura da aka yarda ya tayar, kuma neman ƙari ba lallai a amsa shi nan take ba. A ƙirga adireshin da suka rage, ana tunawa da cewa AWS da Azure suna riƙe adireshi biyar a kowane ɓangaren netwok, wato mai adireshi 256 guda 251 kawai zai bayar. Idan akwai saba mai girma na musamman, a kama mata gurbi tun da wuri, don kada a je tayar da ita a tarar irinta ta ƙare a yankin.

Sai ratar kwafi, wato yawan bayanan da aka rubuta a tsohon wuri ba su iso ba tukuna. Layi mai gudun gigabit ɗaya a daƙiƙa, ko da shi kaɗai aka bar wa, kimanin gigabait 450 yake kwashewa a awa. Sabar da ke da ratar terabait biyu da yamma ba za ta cimma ba cikin wa'adin, gara a cire ta daga ayari tun da rana. Wakilin kwafi na AWS, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a tsohuwar saba, yana aika bayanai ta ƙofa mai lamba 1500, kuma ya isa a ce wani ya gyara katangar tsaro ya rufe ta ba da sani ba, kwafi ya tsaya shiru. Saboda irin wannan ne ake dakatar da duk wani gyara a kan sabobin ayari kwanaki kafin daren.

Tayar da sabar gwaji wajibi ne ga kowace saba, ba samfuri ba. A nan ake gano sabar Linux da aka rubuta faifanta da suna irin /dev/sdb a cikin /etc/fstab, alhali a sababbin na'urorin AWS faifan zai fito da suna irin /dev/nvme1n1, sai ta maƙale wajen tashi, kuma maganin shi ne a kira faifai da lambarsa ta UUID. A nan ake gano manhajar da lasisinta yake ɗaure da adireshin MAC (lambar katin netwok) na tsohuwar na'ura. Amma a killace netwok ɗin gwaji sosai. Sabar Windows da ke cikin Active Directory, tsarin Microsoft mai kula da asusun mutane da na na'urori, tana sauya kalmar sirrinta ta na'ura duk kwana 30 bisa saitin asali, kuma idan kwafin gwaji ya samu hanya ya yi wannan sauyi, ta gasken da ke aiki za ta wayi gari an daina amincewa da ita. A kuma tuna da abokan hulɗa na waje da suka yarda da tsohon adireshinka kawai, domin su ba sa cikin ikon madugu, wasiƙa da kiran waya suke buƙata makonni kafin lokaci.

Mataki na biyar: hanyar komawa, kafin hanyar tafiya

Na sa wannan kafin daren da gangan, domin kowane aiki da madugu zai yi dole a rubuta kishiyarsa tare da shi, a kuma gwada kishiyar a atisaye kamar yadda aka gwada shi. Komawa iri biyu ce. Kafin sabuwar saba ta karɓi rubutun jama'a, komawa ba ta da wuya: a kashe sabuwa, a mayar da DNS, a tayar da tsohuwa, babu abin da aka rasa. Da zarar ta karɓi rubutu na farko, bakin alƙalami ya bushe, domin tsohuwar ta zama tsohon labari. Daga nan ko dai an riga an shirya kwafi mai komawa baya daga gajimare zuwa tsohon wuri, abin da ya cancanci wahalarsa ga manyan rumbunan bayanai kawai, ko kuma an amince tun farko cewa gaba za a gyara. A rubuta wanda aka zaɓa ga kowace manhaja, mai manhajar ya sa hannu.

Lokacin yanke hukunci daga ƙarshe ake lissafo shi. Idan wa'adi zai cika da ƙarfe 5:00, kuma atisaye ya nuna komawa tana cin minti 50, to ƙarfe 4:10 ne iyaka. Madugu ne zai riƙe wannan agogo, domin injiniyan da ya ga kamar saura ƙiris ya gano matsala ba zai taɓa yarda lokaci ya yi ba, kuma wannan “saura ƙiris” ya cinye darare da yawa.

Mataki na shida: daren kansa

Bayan izinin farko, madugu zai sake gudanar da binciken share fage karo na ƙarshe, ya kashe ƙararrawar na'urorin sa ido a kan sabobin ayari don kada ta tashi mutanen da ba ruwansu, ya ɗora shafin sanarwa ga masu amfani. Sai ya fara tsayarwa daga waje zuwa ciki: ya rufe ƙofar shiga a na'urar raba lodi, ya bar buƙatun da ke hannu su kammala, ya dakatar da ayyukan da ke tashi da agogo a cron da Task Scheduler, ya jira layukan saƙo su zama fanko, ya tsayar da manhaja, daga ƙarshe ya tsayar da rumbun bayanai cikin tsari domin abin da ke ƙwaƙwalwa ya sauka a faifai. Ba a kashe na'urar kanta a wannan gaɓa, domin wakilin kwafi a cikinta yake, kuma bai gama aikinsa ba.

Sai jira, har ratar kwafi ta zama sifili. Wata dabara mai arha da nake so ita ce madugu ya rubuta ɗan fayil a tsohuwar saba bayan an tsayar da komai, mai ɗauke da lokaci da lambar ayari, sannan ya neme shi a sabuwar bayan ta tashi. In yana nan, an san kwafin na bayan tsayarwa ne. Ga rumbunan da ake kwafinsu a matakin tebur kuwa akwai ƙarin aiki: irin wannan kwafi a PostgreSQL yakan kawo layukan bayanai ya bar ma'aunin da ke ba da lambar jeri a baya, kuma in ba a daidaita shi ba, rubutu na farko zai ci karo da lambar da aka riga aka yi amfani da ita.

Yanzu sai a tayar da sababbi, daga ciki zuwa waje, wato kishiyar jerin tsayarwa. Kowace ta tashi, madugu ya cire mata kayan tsohon wuri irin su VMware Tools, ya ɗora mata wakilan sa ido da na ajiyar kariya, ya daidaita agogonta. Agogo ba ƙaramin abu ba ne, domin Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, bisa saitin asali ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar, kuma sabar da agogonta ya kauce za ta ƙi karɓar kowa ba tare da ta faɗi dalili a fili ba. A AWS ana samun lokaci daga adireshin 169.254.169.123.

A daidai nan ake kashe tsohuwa, kuma kashewa ta gaske. Na taɓa ganin aikin da komai ya tafi lafiya, aka watse da asuba ana murna. Bayan kwana biyu wani ma'aikaci ya tuna da wani fayil da ya bari, ya kunna tsohuwar sabar na minti goma don ya ɗauko. Tana tashi ta ga ayyukan agogonta sun wuce lokaci, ta hau aika wa abokan ciniki takardun neman biya da sabuwar ta riga ta aika, daga bayanan da suka kwana biyu. Tun daga ranar, a wurina kashewa tana nufin abu huɗu: a hana hidimomi tashi da kansu, a kashe na'ura, a cire mata igiyar netwok a saitin na'urar, a sauya sunanta a allon kula da sabobi ya nuna cewa ta yi ƙaura.

Tantancewa hawa-hawa take. Na'ura ta tashi, faifai duk sun hau kuma girmansu ya dace da kundi, hidimomi suna gudana, ƙofofi suna amsawa, takardar shaidar tsaro ba ta ƙare ba. Duk wannan bai nuna manhaja tana aiki ba. Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda ke kwaikwayon mutum: ya shiga da asusun gwaji, ya nemo wani bayani da aka san amsarsa, ya kwatanta adadin layukan manyan tebura da wanda aka ɗauka kafin tsayarwa. A kuma sa ran ɗan nauyin jiki a sa'o'in farko, domin faifan da aka ƙirƙira daga hoton faifai a AWS yana ɗauko bayanansa ne a lokacin da aka fara taɓa su, sai dai in an kunna Fast Snapshot Restore ko an sa umarni ya karance faifan tun kafin a buɗe. Wanda bai san da wannan ba zai iya yin umarnin komawa a kan abin da zai warware da kansa.

Idan komai kore ne, mai izini ya sa hannu na biyu, madugu ya sauya DNS, ya tambayi sunan daga wurare daban-daban ya ga sabon adireshi ne ke dawowa, ya cire shafin sanarwa, ya saki ayyukan agogo a sabon wuri, ya mayar da ƙararrawa, ya rubuta a kundi daidai mintin da ikon rubutu ya koma gajimare.

Mataki na bakwai: kwanakin da ke biye

Kada a yi gaggawar FinalizeCutover, domin yana tsayar da kwafi ya rushe kayan da aka tanada dominsa, kuma bayan haka ba a sake tayar da sabar daga wannan kwafi. A bar shi sai masu manhaja sun yi cikakken yinin aiki a kanta. Kada kuma a manta da shi, domin faifan kwafi kuɗi suke ci kullum, kuma kyautar da AWS yake yi ta amfani da wannan hidima kwana 90 ce ga kowace saba. Madugu ya riƙa fitar da jerin waɗanda suka wuce kwanakin da aka ƙayyade ba a rufe su ba.

Da safe a zauna a kan kundin aikin daren. A duba matakin da ya fi cin lokaci, da duk inda mutum ya sa hannu ya gyara wani abu a wajen madugu. Kowane irin wannan gyara ko dai ya zama sabon bincike a share fage, ko ya zama sabon aiki a cikin madugu kafin ayari na gaba, kuma sai ayari ya wuce ba a taɓa shi da hannu ba sannan a ƙara wa na bayansa yawa. Bayan mako guda a mayar da TTL yadda take. Tsofaffin faifai kuwa a bar su a kashe har manhajar ta tsallake ƙarshen wata ɗaya a sabon wuri, kuma har an ɗauki ajiyar kariyar da aka yi a gajimare an dawo da ita a kan wata saba ta daban an ga ta tashi. Sai a goge su bisa ƙa'idar goge bayanai ta kamfanin, a rubuta ranar a gaban sunan kowace saba a cikin kundi.